Sharar Imel Na Binne Wa Yaranmu Saƙonnin Gaske

Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon fili a wannan jarida mai albarka in ce wani abu game da tarkacen saƙonnin da ke cika wa mutane akwatin imel ba tare da sun nema ba. Na san wani zai ce a Zamfara, inda ake barci da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, ga tsadar taki ga tsadar hatsi, wa ke da lokacin wannan magana. Da a ce abin ya tsaya ga tallan maganin rage ƙiba da agogon da ba wanda ya tambaya, ni ma da ban ɗauki biro ba. Amma yanzu kiran intabiyu ta imel yake zuwa, haka sanarwar jarrabawar tantancewa ta jami'a, haka bayanan bautar ƙasa da na bashin karatu na NELFUND. Saƙon da yaro ya shekara yana jira sai ya faɗa tsakiyar ɗaruruwan saƙonnin banza ya kwanta, ba a ganinsa sai ranar ta wuce.

Ni tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Na kama aiki tun ana ce wa wurin P&T, kafin a raba shi biyu a 1985, NIPOST ta riƙe wasiƙu, NITEL ta tafi da tarho. Yawancin shekaruna a ɗakin tantance wasiƙu na yi su. Da na aje aiki zaman gida bai karɓe ni ba, sai na koma shagon kwamfuta na ɗana a nan Gusau, ina karɓar kuɗi ina ba da canji, shi da yaransa suna buga takardu suna cike wa ɗalibai fom. A can na koyi imel da furfurata, a can kuma nake ganin akwatunan mutane iri-iri, domin duk mai son fitar da takarda sai ya buɗe nasa a gabanmu. Wani sai ka ga saƙon da bai buɗe ba ya kai dubbai. In ka yi magana ya ce, "Ai Baba duk shirme ne."

Ba duk ba ne, kuma nan matsalar take.

Abin da gidan waya ya koya mini shi ne amfanin kan sarki ya wuce kawo wa gwamnati kuɗin shiga. Mai aika wasiƙa sai ya sayi takarda da ambulan, ya rubuta adireshi da hannunsa, ya zo kanta ya biya, ya lasa ya manna. Mai son aika dubu sai ya biya kuɗin dubu. Saboda haka mutum kan yi tunani kafin ya dami wanda bai sani ba. Ko 'yan damfarar da suka riƙa aika wasiƙu ƙasashen waje a shekarun 1980 da 1990, suna cewa ga dukiyar wani babban mutum tana neman mai taya kwasa, kuɗin kan sarkin nan ya ishe su, har wasunsu suka koma buga na jabu. A imel babu wannan. Aika ɗaya da aika miliyan kusan duk ɗaya ne ga mai aikawa. Wanda aka aiko wa shi ke biya, da datarsa, da cajin wayarsa, da lokacinsa. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025 kuwa, ba na jin akwai mai cewa data araha ce.

Duk wanda ya gane wannan ya gane dalilin da ya sa abin ya ƙi mutuwa. A 2008 wasu masu bincike na Jami'ar Kalifoniya a Amurka sun kutsa cikin wata rundunar kwamfutoci da masu wannan sana'a ke amfani da ita, suka zauna suka ƙirga. Cikin kwana 26 an watsa tallan magani kimanin miliyan 350, mutum 28 kacal suka zo saye. Ɗan kasuwar da zai yi kira miliyan goma sha biyu kafin mutum ɗaya ya waiwayo, da tuni ya naɗe tabarma ya koma gona. Waɗannan kuwa ba su damu ba, don ba da kwamfutarsu ma suke aikawa ba. Ta mutane ce da ta kamu da bairos, mai ita na zaune yana buga takardarsa, ita kuma ta bayan fage tana fesa wa duniya saƙo. Duk lokacin da na ga filas guda ta bi kwamfuta goma a layin shagunanmu, wannan nake tunawa.

Manya ma sun gwada ƙarfinsu. A ƙarshen 2008 an yanke wa wani kamfani mai suna McColo layin intanet a Kalifoniya saboda ya zama masaukin irin waɗannan mutane, sharar imel ta duniya ta ragu da fiye da rabi cikin kwanaki, amma ba a yi wasu watanni ba ta dawo. Kafin nan, a 2004, Bill Gates ya tsaya a taron Davos ya ce nan da shekara biyu za a gama da matsalar. Cikin dabarun da ya kawo har da a sa wa imel wani irin kuɗin kan sarki, wanda mai aikawa zai biya in wanda aka aika wa ya ƙi saƙon. Da ɗana ya karanta mini wannan na yi dariya, na ce ashe mai kuɗin duniya ma sai da ya biyo ta kantarmu. Dabarar dai ba ta karɓu ba. A 2023 Google ta ce tana tare saƙon banza kusan biliyan 15 kowace rana. Wato abin da muke gani a wayoyinmu ɗan ragowar da ya sille ne.

Tambayar da aka fi yi mini a shago ita ce, "Baba, to su waɗannan mutane ina suka san ni?" Ba su san ka ba, ɗana, adireshinka suka tsinta. Wani lokaci ba laifinka: kamfani ake fasawa a kwashe sunayen jama'a. Yahoo ta amsa da bakinta cewa kutsen da aka yi mata a 2013 ya shafi dukkan asusunta biliyan 3, kuma duk wanda ya buɗe imel a zamanin kafe (shagunan shiga intanet) na farko a garin nan, Yahoo ya buɗe. Wani lokaci canka suke yi, na'ura ta jera sunaye ta liƙa musu lambobi ta aika, wanda ya shiga ya shiga. Sunayenmu kuwa ba wuyar canka gare su ba: suna, sunan uba, shekarar haihuwa.

Amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Babbar hanyar da na gani da idona ita ce fom ɗin tallafi da ke yawo a WhatsApp. Yau a ce gwamnati za ta raba wa matasa jari, gobe a ce wani attajirin Larabawa ya ware kujerun Makka kyauta, jibi a ce an buɗe ɗaukar ma'aikata, cike nan sannan ka tura wa zauruka biyar kafin sunanka ya shiga. Yaro ya zauna ya zuba sunansa, lambar waya, imel, ƙaramar hukuma, wani har da NIN da BVN da lambar asusu. Babu tallafin da ke zuwa. Abin da mai fom ɗin ke nema ya riga ya samu, kuma jerin sunayen nan haja ce, sayar da ita ake yi daga hannu zuwa hannu. Idan na hana, sai a ce, "Baba, a gwada dai, ba a san inda rabo yake ba." Ba na ganin laifinsu ƙwarai. Wanda ya gama digiri shekara huɗu yana zaune, ko inuwar aiki ya hango zai bi. Masu fom ɗin ma wannan suka sani.

Sai takardar halartar taro. A je bita a otal, a miƙo takarda kowa ya rubuta suna da waya da imel saboda kuɗin mota, takardar ta zaga ɗaki, wani ya ɗauke ta hoto, a ƙarshe a bar ta kan tebur. Sai jerin waɗanda aka zaɓa a wani shiri, a liƙa a allon sanarwa ko a ɗora a Facebook da cikakken bayanin kowa. Akwai na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai bin shafuka suna tsintar duk rubutun da ke da alamar @ a tsakiya.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na ofisoshi, don su ya kamata su fi kowa sani. Wata ma'aikata ta taɓa aiko wa ɗana gayyatar taro, da muka duba saman saƙon sai ga adireshin mutum fiye da ɗari a jere, kowa na ganin na kowa. Sakataren ya zuba su ne a layin To da Cc. Da ya sa su a layin Bcc, kowa zai samu saƙonsa ba tare da ya ga na wani ba, kuma ba ƙarin aiki ko na minti ɗaya. A cikin ɗarin nan mutum guda ya isa: in an kutsa akwatinsa, ko wayarsa ta faɗa hannun da bai dace ba, sauran duka sun shiga jerin. A zamaninmu, ma'aikacin da ya bari wani ya leƙa wasiƙar wani takardar tuhuma zai sha.

Yanzu bari in zo kan wanda ya sa na rubuto. Wata yarinya 'yar unguwarmu, ɗiyar wani abokina marigayi, ta gama kwalejin kiwon lafiya ta nemi aiki a wata ƙungiyar agaji. Ta yi ta jira shiru. Rannan ta zo shago fitar da takardunta don ta nemi wani wurin, ɗana ya ce bari ya leƙa mata akwatin da Gmail ke jefa saƙonnin da bai yarda da su ba, wanda aka rubuta wa Spam. Ga gayyatar intabiyu nan kwance tsakanin tallan caca da na bashi, ranar ta wuce da kwanaki. Ba ta ma san akwai wannan akwati ba. Ta tsaya tana kallon allon, sannan ta ce, "Allah bai nufa ba." Haka ne, mun yi imani da ƙaddara. Amma ni na ga sakacin mutane a ciki: wanda ya buɗe mata imel bai nuna mata ba, su kuma masu gayyatar daga adireshin Gmail na wani ma'aikacinsu suka aiko, saƙo guda ga tarin mutane, da takarda maƙale a jiki. Kamanninsa sak na shara, matacin da Gmail ke tace saƙonni da shi kuwa kamanni yake bi.

Ya kamata mutane su san yadda matacin nan ke aiki. Yana duban inda saƙo ya fito, ko kwamfutar da ta aiko shi tana da izinin aikawa da sunan da ta ɗauka, da irin kalmomi da linkin da ke ciki, da kuma abin da sauran mutane suka yi da makamancinsa. Daga hannunmu yake koyo. In ka goge saƙon banza kawai, ba ka koya masa komai ba, gobe ɗan'uwansa zai zo. In ka latsa ɗigo ukun nan na sama ka zaɓi Report spam, ka taimaki kanka ka taimaki wasu. Haka in ka tarar da saƙon gaske a akwatin shara, ka latsa Not spam ya dawo, ka kuma ajiye adireshin mai aikowa cikin lambobinka. Duk mai jiran amsa daga makaranta ko wurin aiki, ya riƙa leƙa akwatin nan ko da sau biyu a mako, domin Gmail na share abin da ke ciki da kansa bayan kwana 30. Mu a Zamfara mun ɗanɗana wannan. Lokacin da aka rufe layukan sadarwa a watan Satumba na 2021, wasu ƙananan hukumomi sai da suka haura wata biyu babu sabis. Duk saƙon da ya faɗa wannan akwati a makonnin farko, kafin layi ya dawo ya tafi, mai shi ba zai taɓa sanin an aiko ba.

Akwai kuma cikar ma'aji. Google na ba kowa gigabait 15 kyauta, amma rabawa ake yi tsakanin imel da hotuna da takardun Drive, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma a ciki ake lissafa ta. In ya cika, sabon saƙo ba ya shiga, komawa yake ga wanda ya aiko. Na ga waɗanda bidiyon biki da wa'azin da ake turowa a zauruka suka cika musu wuri, suna nan suna jiran kiran aiki.

Su saƙonnin banzan ma ba uwa ɗaya ta haife su ba, kuma kuskure ne a yi musu magani ɗaya. Akwai tallan kamfanin gaske da ka taɓa hulɗa da shi, kantin intanet ko shafin neman aiki, wanda ka yarda ya riƙa aiko maka ba ka lura ba, don akwatin yardar a cike ka same shi. Wannan mai sauƙi ne. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka ɗora wa masu aika saƙo da yawa sharuɗɗa. A Gmail duk mai aika 5,000 a rana dole ya tabbatar da ko shi wane ne, kuma a shekarar aka wajabta masa ba da hanyar fita da latsawa ɗaya, ya cire mutum cikin kwana biyu. Kalmar Unsubscribe za ka gani kusa da sunan mai aikowa a sama. Latsa ta, an gama. Amma saƙon da ba ka san mai shi ba sam, kada ka taɓa komai a cikinsa, har da inda ya ce latsa nan mu daina aiko maka. Latsawar ce ke gaya masa akwai mai rai a wannan adireshi, kuma adireshi mai rai ya fi tsada a kasuwarsu. Amsawa ma haka. Wani malami abokina ya taɓa zama ya rubuta wa ɗan damfara nasiha mai tsawo, da aya da hadisi, yana ce masa ya ji tsoron Allah. Ladan niyya dai ya samu. Daga ranar saƙonnin suka ninku.

Ko buɗe saƙo kaɗai kan ba da labari. Suna saka ɗan hoto ƙanƙane da ido ba ya gani, da zarar wayarka ta sauko da shi sun san an buɗe. A saitin Gmail akwai inda za ka ce kada a nuna hotuna sai an tambaye ka. Yana rage cin data ma.

Mafi haɗari shi ne mai shigar burtu, wanda ke zuwa da tambarin banki ko na hukuma. Za a rufe asusunka yau in ba ka sabunta BVN ba. An ga matsala a sakamakonka, biya nan a gyara. Kullum da gaggawa a ciki, don ba sa son ka samu sararin tambayar wani. Sunan da ke saman saƙo ba shaida ba ne, kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama, kamar yadda kowa ke iya rubuta abin da yake so a bayan ambulan. Taɓa sunan, ainihin adireshin zai fito, ka dubi abin da ya biyo bayan @. Yawancin hukumomin gwamnati da gov.ng suke ƙarewa, manyan makarantu da edu.ng. Na JAMB jamb.gov.ng ne. Ɓarayin kan ƙara harafi ɗaya, ko su sa gov a tsakiya su ƙare da wani abu daban, sun san a ƙaramin allon waya ba kowa ke lura ba. Ko adireshin ya yi kama da daidai, ni shawarata ita ce kada ka bi linkin. Rufe saƙon, ka rubuta adireshin shafin da hannunka, ko ka taka zuwa reshen bankin. Bankuna sun gaji da faɗa cewa ba sa tambayar lambar sirri ko lambar nan da ake turowa ta tes. Duk wanda ya tambaye ka ita, ɓarawo ne ko da ya kira sunan kakanka.

Har yau ina ganin masu zuwa da murna wai sun ci cacar bizar Amurka. Tun 2013 aka cire Najeriya daga ƙasashen da ke shiga wannan caca, kuma ko lokacin da muke ciki, ma'aikatar harkokin wajen Amurka ba ta sanar da wanda ya ci ta imel, a shekarun ƙarshe mutum ke shiga shafinsu ya duba da lambarsa. Tsohuwar hanya ce: babban tallan banza na farko da ya tayar da ƙura a intanet, a 1994, wasu lauyoyi biyu mata da miji a jihar Arizona suka watsa shi, kuma a kan wannan cacar ne.

Da na kan yi mamakin wautar wasu saƙonnin, matar wani shugaba da ya mutu, akwatin dala a filin jirgi. Wa zai yarda da wannan? Wani mai bincike a kamfanin Microsoft ya yi bayani a 2012 cewa wautar da gangan ce. Aika saƙo ba ya cin kuɗi, amma zama a yi ta musayar magana da wanda a ƙarshe zai farga yana cin lokaci. Saboda haka suna son mai wayo ya watsar tun daga layin farko, wanda ya rage ya amsa shi ne nasu. Sai dai kada wannan ya sa mu saki jiki. Da muna gaya wa yara su lura da gurɓataccen Turanci. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira saƙon kan zo tsaf ba kuskure, na ma fara ganin masu zuwa da Hausa, da sallama da fatan alheri.

Dabarar da ta fi yi wa masu zuwa shagonmu aiki ita ce adireshi biyu. Ɗaya na makaranta da banki da neman aiki na gaske, ba a ba kowa shi sai inda ya zama dole. Ɗaya na sauran duniya, wasanni, manhajoji, duk wurin da aka ce sai ka sa imel kafin ka shiga. Wanda ke son sanin mai sayar da shi kuma, Gmail na da wata hikima: in ka ƙara alamar + da wata kalma bayan sunanka kafin @, saƙon zai iso akwatinka yadda ya saba. Ka ba wannan wuri da +taro, wancan da +kanti. Ranar da tallan caca ya zo ta +taro, ka san ta inda aka yi yoyo. Na tes ɗin talla da kamfanonin waya ke turowa kuwa, a tura STOP zuwa 2442, tsarin NCC ne tun 2016, kyauta ne.

Doka akwai ta. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta ambaci watsa saƙonnin banza da satar bayanai ta hanyar shigar burtu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ba mutum 'yancin cewa a daina amfani da bayanansa wajen yi masa talla. Ɗan damfarar da ke wata ƙasa ba lallai hannunta ya kai gare shi ba, amma ofishin da ke liƙa lambobin mutane a bango, da makarantar da ke barin fom ɗin ɗalibai a buhu a baranda har mai ƙosai ta samu na naɗi, waɗannan suna nan kusa. Ina kira ga ma'aikatu da makarantu da ƙungiyoyin da ke aiki a jihar nan su daina aika saƙon hukuma daga Gmail ko Yahoo na wani ma'aikaci. Muddin saƙon gaske na zuwa da kamannin na ƙarya, ba mu da bakin gaya wa yaro ya bambance. In an gayyaci mutum intabiyu ta imel, a bi shi da tes ko kira. Mutum ashirin ne ko talatin, nawa kuɗin zai kama?

Sai 'yan'uwana masu kafe da cibiyoyin rajista, daga Gusau zuwa Ƙaura Namoda da Talata Mafara. Yawancin yaran karkara a hannunmu suke samun imel na farko, ranar rajistar JAMB, cikin turmutsutsu. Abin da aka saba shi ne yaron shago ya buɗe da sauri, ya sa lambar wayar ɗalibin ta zama kalmar sirri, ko ma kalma ɗaya ga kowa, ya sa lambarsa shi a wurin dawo da asusu, ya rubuta a guntuwar takarda da za ta ɓace kafin a kai tasha. Bayan shekara yaro ya dawo, "Baba, mai kafe ya buɗe min, ban san lambar ba." Wani lokaci mai kafen ma ya tashi. Ga shi Google ta ce asusun da aka shekara biyu ba a taɓa ba tana iya share shi. JAMB kanta na nanata cewa ɗalibi ya yi amfani da imel da layin waya nasa na kansa. A shagonmu yanzu ɗalibi da yatsansa yake buga kalmar sirrinsa, mu juya fuska. Layinsa ko na mahaifinsa ake sawa. Kafin ya tashi sai an sa masa akwatin a wayarsa, an nuna masa inda shara ke taruwa da yadda ake ceto saƙo daga ciki. Yana ƙara minti biyar a kan kowane yaro, kuma a ranar cunkoso ɗana kan yi tsaki, amma ban janye ba.

Daga ƙarshe, Edita, roƙona gare ku shi ne ku ware ko rabin shafi ne ku buga hotunan allon waya, a zagaye wurin da ake latsawa da jan layi, a rubuta bayanin da Hausa a ƙasa. Wayoyin da ke zuwa shagonmu maɓallansu duk da Turanci suke, kuma da yawa daga masu riƙe da su karatun allo da na Hausa suka yi. In kun buga, ni zan yanke in liƙa a ƙofar shago, in kuma yi kwafi in raba wa sauran masu shaguna na layinmu.

Wassalam.

Naku,
Tsohon ma'aikacin gidan waya,
Tudun Wada, Gusau, Jihar Zamfara.